Kundin aiki: tace rumbun bayanai da yi wa tsofaffin shafuka ritaya

8 ga Satumba, 2025

Yau shugabannin sashe suka amince a fara aikin tace rumbun bayananmu na cikin gida, wato tarin shafukan da ma'aikatan sashen taimako suke dubawa kafin su amsa tambayar duk wanda kwamfutarsa ko manhajarsa ta ba shi matsala. Abin da ya tayar da maganar shi ne Microsoft za ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, kuma da aka shiga nemo shafukan da suka shafi wannan tsari domin a sabunta su, sai aka tarar da wasu da suka girme su nesa ba kusa ba. Akwai shafukan da har yanzu suke koyar da yadda ake saita Windows 7, wanda tallafinsa ya ƙare tun 14 ga Janairu, 2020. Akwai masu umartar mai karatu ya buɗe Internet Explorer 11, burauzar da aka jingine a ranar 15 ga Yuni, 2022, da wani guda da yake cewa a girka Adobe Flash Player, alhali an rufe babinsa a ƙarshen Disamban 2020. Babu ɗaya daga cikinsu da yake ɗauke da wata alama da za ta nuna wa mai karatu cewa zamaninsa ya wuce, kuma a sakamakon bincike suna fitowa kafaɗa da kafaɗa da shafukan da aka rubuta a watan jiya.

An ɗora mini alhakin jagorantar aikin. Matsayar da muka fara da ita ita ce kowane shafi za a yanke masa hukunci a kan kansa: ko a bar shi yadda yake, ko a gyara shi, ko a haɗe shi da wani mai irin bayaninsa, ko kuma a yi masa ritaya. Goge shafi gaba ɗaya ba ya cikin lissafi tukuna.

11 ga Satumba

An fitar da jerin dukkan shafukan zuwa jadawali guda, da sunan marubuci, da ranar gyara na ƙarshe, da yawan buɗewa. Niyyar farko ita ce a jera su daga mafi tsufa zuwa mafi sabunta, a fara daga sama. Wannan dabara ba ta kai ko'ina ba, domin fiye da rabin shafukan suna ɗauke da ranar gyara iri ɗaya, wato ranar da aka kwashe rumbun daga tsohuwar manhaja zuwa wadda muke amfani da ita yanzu. A lokacin ƙaurar, sabuwar manhajar ta ɗauki kowane shafi a matsayin wanda aka rubuta a ranar, ta kuma sa sunan asusun da ya yi kwasar a matsayin marubuci. Saboda haka shafin da ya shekara goma ba a taɓa shi ba ya fito da kamannin sabo.

Mai kula da sabobinmu, wato manyan kwamfutocin da suke ajiye bayananmu, ya nemo tsohon kwafin ajiya na kafin ƙaura, daga nan muka maido da ainihin ranakun. Amma ko bayan an maido su, ranar gyara ba ta faɗin gaskiyar shafi. Na buɗe wani da aka gyara a watan Yuli, na duba tarihinsa, sai na ga abin da aka canza bai wuce waƙafi ɗaya da kuskuren harafi ba, umarnin da ke ciki kuwa yana maganar wata firinta da aka daɗe da fitar da ita daga ofis. A gefe guda akwai shafin da yake bayanin yadda ake tsara sunayen fayiloli, wanda ba a taɓa shi ba tun ranar da aka rubuta shi, kuma babu kalma ɗaya a cikinsa da ta daina aiki. Daga yau mun ƙara sabon gurbi a jadawalin mai suna "ranar tabbatarwa", wanda ba za a cike shi ba sai wani ya bi umarnin shafin mataki-mataki ya ga ya yi aiki.

15 ga Satumba

An raba shafukan gida-gida bisa manhaja ko na'urar da suke magana a kai. An ware waɗanda suka shafi abubuwan da babu su kwata-kwata a ma'aikata, domin su hukuncinsu ba ya buƙatar muhawara.

19 ga Satumba

Zaman yau ya yi zafi. Wani abokin aiki ya kawo shawarar a yi wa duk shafin da ba a buɗe shi ba cikin watanni goma sha biyu ritaya a lokaci guda, yana mai cewa abin da ba a karantawa ba a buƙatarsa. Shawarar tana da jan hankali saboda za ta rage aikin sosai, kuma da yawa sun karkata gare ta har sai da muka duba waɗanne shafuka ne za su faɗa cikin ragar. Na farko a jerin shi ne umarnin maido da bayanai idan babbar sabar ta lalace. Ba a buɗe shi ba ne domin sabar ba ta lalace ba, kuma ranar da za a neme shi rana ce da babu mai sukunin tambayar ina aka kai shi. Haka nan shafin rufe lissafin ƙarshen shekara, da na sabunta takardar shaidar tsaro ta shafin intanet, duk ana buɗe su jefi-jefi ne saboda aikin nasu jefi-jefi yake zuwa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali yana can ɗaya ɓangaren. Cikin shafukan da aka fi buɗewa akwai wanda yake gaya wa ma'aikata su canza kalmar sirri duk bayan kwana 90. Hukumar NIST ta Amurka, mai tsara ma'aunai da ƙa'idojin fasaha, ta sauya matsayinta a kan haka tun 2017, a takardarta mai lamba SP 800-63B, inda ta ba da shawarar kada a tilasta canza kalmar sirri a kan jadawali sai idan akwai shaidar an sace ta, domin tilastawar tana sa mutane su riƙa zaɓen kalmomi masu sauƙin hasashe, suna ƙara lamba ɗaya a ƙarshe. Dokarmu ta cikin gida ta bi wannan sauyi, an kuma rubuta sabon shafi a kai, amma tsohon ne yake fitowa a sama, saboda injin binciken yana fifita shafin da aka fi dannawa, ana kuma danna shi ne saboda yana sama. Sababbin ma'aikatan sashen taimako sun daɗe suna karanto wa mutane dokar da aka soke, da cikakken yaƙini, domin daga rumbun hukuma suka samo ta. Da a ce shafin babu shi, da sun tashi sun tambayi wani. Kasancewarsa ce ta hana su tambaya.

An yi watsi da shawarar watanni goma sha biyu. Yawan buɗewa zai taimaka ne kawai wajen tsara wanda za a fara dubawa, kuma za mu fara da waɗanda aka fi buɗewa, tun da kuskurensu ne ya fi yaɗuwa.

24 ga Satumba

Batun masu shafuka. Shafuka da dama suna ƙarƙashin sunayen mutanen da suka bar aiki ko suka koma wani sashe, don haka saƙon da manhaja take aikawa na neman a duba shafi yana faɗawa akwatin imel ɗin da babu mai buɗe shi. Mun yanke cewa daga yanzu shafi ba na mutum ba ne, na muƙami ne: na mai kula da hanyoyin sadarwa, ko na shugaban sashen kuɗi, ko waye yake riƙe da kujerar a lokacin. Sunan marubuci zai ci gaba da zama a tarihin shafi, amma alhakin dubawa yana bin kujera.

Waɗanda suke nan kuma ba duka ne suka ji daɗi ba. Wani dattijon injiniya da ya rubuta yawancin shafukan farko ya same ni ya ce, "Malam, waɗannan takardu da kake shirin kwashewa, da su aka riƙe wannan wuri lokacin da babu kowa." Na ce masa, "Ranka ya daɗe, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma babu wanda ya san waɗanda suka mutu a cikinsu kamar kai." Mun zauna tare muka bi nasa ɗaya bayan ɗaya. Shi da kansa ya nuna waɗanda suka daina aiki, ya kuma ceto guda biyu da na ɗauka sun mutu, domin akwai wata tsohuwar na'ura a ɗakin gwaji da har yanzu da su ake tayar da ita.

30 ga Satumba

Mun tsayar da yadda ritayar za ta kasance. Na ɗauko tsarin ne daga yadda ƙungiyar IETF take tafiyar da takardunta na RFC, waɗanda suke fayyace ƙa'idojin intanet. Idan aka wallafa RFC ba a sake gyara rubutunta, ba a kuma goge ta. Idan zamaninta ya wuce sai a fitar da sabuwa da sabuwar lamba, a rubuta a kan tsohuwar cewa wance ta maye gurbinta. Takardar RFC 2616 ta 1999, wadda ta bayyana HTTP/1.1, ƙa'idar da burauza take bi wajen karɓo shafuka, an maye gurbinta a 2014 da jerin RFC 7230 zuwa 7235, su ma aka maye gurbinsu a 2022 da RFC 9110 da 'yan uwanta, kuma duk wanda ya faɗa kan ta 1999 a yau zai ga hanyar da za ta kai shi ga mai ci. Ba za mu iya hana gyara shafuka ba kamar yadda suke yi, amma sashen da ya shafi nuna magaji shi ne muke buƙata.

Saboda haka duk shafin da aka yi wa ritaya za a kulle shi daga gyara, a kai shi ma'adana, a kuma sa masa sanarwa a can sama kafin layin farko. Sanarwar za ta faɗi ranar ritaya, da dalili a jimla ɗaya, da shafin da ya gaje shi, ko kuma sashen da za a tuntuɓa idan babu magaji. Mun yi ta kai-komo a kan lafazin. An fara rubuta "Wannan shafi yana iya zama tsohon yayi", na ƙi amincewa, domin jimla mai "yana iya" tana barin mai karatu ya yanke hukuncin da ya zo nema a wurinmu. Abin da muka tsaya a kai shi ne: "Kada a bi wannan umarni. An daina amfani da shi."

3 ga Oktoba

An kai rukunin farko ma'adana: duk na Windows 7, da na Flash, da na Internet Explorer. An haɗe shafuka huɗu masu bayanin saita imel a waya zuwa guda.

7 ga Oktoba

Koma-baya. Shugabar sashen taimako ta turo mini hoton allo da safe, ga tsohon shafin kalmar sirri, wanda shi ma muka kai ma'adana, zaune a saman sakamakon bincike kamar ba a taɓa shi ba. Da muka bincika sai muka gano abubuwa biyu. Na farko, kai shafi ma'adana a manhajarmu yana cire shi ne daga jerin da ke gefen allo kawai, injin binciken kuwa yana da nasa kundin dabam, wanda ba ya sabuntuwa sai an umarce shi. Na biyu ya fi wannan muni. Sakamakon binciken yana nuna 'yan layuka daga cikin shafi a ƙarƙashin take, kuma layukan da yake zaɓa su ne masu ɗauke da kalmar da aka nema, ba sanarwar da muka sha wahalar rubutawa ba. Ma'aikacin da yake kan waya da mai ƙorafi ba ya buɗe shafin, layukan nan yake karantawa ya ba da amsa. Wato sanarwar tana nan, amma a inda mai gaggawa ba ya kaiwa.

An sake gina kundin binciken, an ware ma'adana daga binciken yau da kullum, sai wanda ya zaɓi neman tsofaffin shafuka da gangan. Mun kuma ƙara kalmar "TSOHO" a farkon taken kowane shafi mai ritaya, domin take ne kaɗai yake bin shafi duk inda ya je.

Shafukanmu da suke buɗe ga jama'a suna da tasu matsalar. Wani ya ba da shawarar a toshe ma'adana a fayil ɗin robots.txt, wanda yake gaya wa injinan bincike inda ba za su shiga ba, domin kada Google ya nuna su. Hakan ba ya cire shafin da ya riga ya shiga kundin injin bincike, yana hana injin sake ziyartarsa ne kawai, kuma idan bai ziyarta ba, ba zai ga umarnin noindex da muka sa a shafin ba, wato umarnin da yake cewa kada a nuna shafin a sakamakon bincike. Tsarin da ya dace shi ne a bar ƙofar a buɗe, a sa noindex, a jira injin ya zo ya gani ya sauke shafin da kansa.

10 ga Oktoba

Yau aikin adireshi ne. Tsofaffin adireshin shafuka suna warwatse a cikin imel, da tikitin ƙorafi, da alamomin da mutane suka adana a burauza, kuma ba mu da ikon gyara ko ɗaya daga cikinsu. Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro tsarin shafukan yanar gizo, ya yi wannan gargaɗi tun 1998, a wani gajeren rubutu da ya ce adireshi mai kyau ba ya canzawa, kuma mutane ne suke karya shi, ba na'ura ba. Shafin da yake da magaji kai tsaye mun sa masa turawa ta dindindin, mai lamba 301, ta yadda mai danna tsohon adireshi zai sauka a kan sabon. Wanda aka cire da gangan kuma babu magaji zai ba da lamba 410, wadda take nufin abin ya tafi kuma ba zai dawo ba, saɓanin 404 da ba ta faɗin ko ɓata ya yi ko cire shi aka yi.

An nemi a tura duk marasa magaji zuwa shafin farko na rumbun domin kada kowa ya ga saƙon kuskure. Ban goyi baya ba. Mutumin da ya danna adireshin umarnin wata manhaja ya tsinci kansa a shafin maraba zai ɗauka hanyar ce ta lalace, ya ci gaba da nema, wataƙila har ya samo tsohon kwafi a wani wuri. Gara a gaya masa a fili cewa an daina amfani da manhajar. Mun kuma tarar da turawar da ta rage daga ƙaurar baya, inda adireshi yake tura mutum zuwa na biyu, na biyun ya tura shi na uku, na ukun kuma yau muka yi masa ritaya. An miƙe su duka, kowanne ya nufi masaukinsa na ƙarshe kai tsaye.

14 ga Oktoba

Tallafin Windows 10 ya ƙare yau, amma shafukansa ba su tafi ma'adana ba. Har yanzu akwai kwamfutocin da ba a sauya ba, wasu kuma an sa su cikin shirin ƙarin sabuntawar tsaro da Microsoft ta tanada. An sa wa shafukan sanarwa ta dabam mai cewa suna aiki ne ga waɗannan na'urori kaɗai, kuma ritayarsu za ta zo ranar da aka kashe ta ƙarshe.

21 ga Oktoba

Tsohon umarnin haɗa waya da imel ya sake ɓullowa, wannan karon daga wajen rumbun. Wata sabuwar ma'aikaciya ta bi shi har asusunta ya kulle, kuma da aka tambaye ta inda ta samo, sai ta nuna fayil ɗin PDF da aka haɗa mata a saƙon maraba. An fitar da fayil ɗin daga shafin ne shekarun baya, aka liƙa shi a saƙon da ake aika wa kowane sabon ma'aikaci, daga nan ya ci gaba da rayuwarsa ba tare da sanin abin da ya sami uwarsa ba. Da muka bi sawu sai muka samu irinsa a cikin shiryayyun amsoshin da sashen taimako yake aikawa, da wata takarda da aka buga aka manna a jikin bango kusa da firinta, har gefenta ya naɗe. Manhajar hira mai amsa tambayoyi da aka haɗa da rumbun ita ma tana ɗebo amsa daga ma'adana, domin ba a taɓa gaya mata akwai wurin da ba a ɗiba ba, kuma tana ba da tsohon umarni cikin tsararren lafazi ba tare da sanarwar ritaya ba.

Masu harkar ingancin aiki sun daɗe da sanin wannan. Ƙa'idar ingancin aiki ta ISO 9001 ta 2008, wadda ƙungiyar tsara ƙa'idoji ta duniya (ISO) ta fitar, a sashe na 4.2.3, ta wajabta a hana amfani da takardun da suka daina aiki bisa kuskure, a kuma yi musu alama idan an ajiye su saboda wani dalili. An cire ma'adana daga abin da manhajar hirar take karantawa, an kuma maye gurbin fayilolin PDF da adireshin shafuka masu rai. Takardar bango an cire ta, an manna wata mai ɗauke da adireshi da ranar bugawa.

28 ga Oktoba

Zama da sashen shari'a a kan abin da za a goge da abin da dole a ajiye. Sun bayyana cewa wasu shafukan ba umarni ne kawai ba, shaida ce ta yadda ake gudanar da aiki a wani lokaci, kuma mai binciken ƙwaƙwaf yana iya tambayar wace doka ce take aiki a wata rana shekaru uku da suka wuce. Irin waɗannan ba za a goge su ba sai wa'adin ajiyarsu ya cika. A ɗaya hannun kuma, wasu tsofaffin shafuka suna ɗauke da hotunan allo da aka ɗauka daga ainihin asusun mutane, da sunayensu da lambobin wayarsu a bayyane. Dokokin kare bayanan mutane, irin su GDPR ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a ranar 25 ga Mayu, 2018, ba su yarda a riƙe irin wannan bayani fiye da lokacin da ake buƙatarsa ba, don haka kai su ma'adana bai wadatar ba. Cire hoto daga shafi ma ba ya kawar da shi, domin yana nan a tarihin gyare-gyare da cikin fayilolin da aka liƙa, sai an bi can an goge. Na kuma tunatar da zaman cewa shafin da ya taɓa zama a buɗe ga jama'a yana iya kasancewa a Wayback Machine na Internet Archive, wurin da ake adana tsofaffin kwafin shafukan intanet, wanda ba ya ƙarƙashin ikonmu, sai dai a aika musu da buƙata.

4 ga Nuwamba

An nemi in yi bayanin abin da aikin yake ci. Wurin ajiya ba abin damuwa ba ne, domin rubutu ba ya cin fili. Tsadar tana cikin lokacin mutanen da suka san aikin, waɗanda su ne kuma aka fi buƙata a wasu wurare. Karanta shafi ba ya ɗaukar lokaci, amma tabbatar da shi yana nufin a sami na'urar, a bi matakan, a ga ko maɓallin da aka ambata yana nan da sunansa. An amince kowane sashe ya ware rabin yini a mako har a gama.

11 ga Nuwamba

Rukunin shafukan da aka fi buɗewa ya kammala, saura na tsakiya da na ayyukan shekara-shekara. Mataki na gaba shi ne hana tarin ya sake taruwa. Ƙungiyar ISO tana sake duba ƙa'idojinta duk bayan shekara biyar, amma wa'adi irin wannan ya yi wa umarnin manhaja tsawo, kuma tunatarwar kalanda ita kaɗai takan sa mutum ya danna "na duba" ba tare da ya duba ba. Saboda haka za a ɗaure kowane shafi da manhaja ko na'urar da yake magana a kai, ta yadda duk lokacin da aka sabunta ta ko aka daina amfani da ita, jerin shafukanta zai fito cikin takardar amincewa da canjin, kuma ba za a rufe aikin ba sai an duba su. Wa'adin kalanda zai zauna ne ga shafukan da ba su rataya da wata manhaja ba. Za a kuma sa maɓallin "wannan umarni bai yi aiki ba" a ƙasan kowane shafi, saƙonsa ya tafi ga mai riƙe da muƙamin.

A mako mai zuwa za a gwada umarnin maido da babbar sabar a kan na'urar gwaji, a gaban injiniyan da ya rubuta shi da wani da bai taɓa karanta shi ba, na biyun shi ne zai riƙe madannai. Bayan nan sai shafukan sashen kuɗi, waɗanda ake so a tabbatar da su kafin rufe lissafin Disamba.